Gardamar Asalin Mutane A Kundin Wikipedia

Malaman makaranta da akawuna sun fi kowa sanin nauyin kalma guda a bisa takarda. In akawu ya cika gurbin ƙasa ko ƙabila a cikin rajista, abin da ya rubuta shi za a yi ta juyawa daga wannan littafi zuwa wancan, har a manta da wanda ya fara rubutawa. Saboda haka muka ga ya kyautu mu bayyana wa masu karatu wata gardama da ta daɗe tana ci tsakanin masu rubuta babban kundin ilmin nan na intanet da ake kira Wikipedia, watau gardama a kan wane ɗan wace ƙasa ne, da kuma yadda ake rabe gaskiya da son zuciya.

Yadda Ake Rubuta Kundin

An kafa wannan kundi a Amurka ran 15 ga Janairu, 2001, waɗanda suka kafa shi kuwa su ne Jimmy Wales da Larry Sanger. Yau ana rubuta shi da harsuna fiye da 300, har da Hausa, na Turanci kaɗai kuma ya haye maƙala miliyan 7 a cikin 2025. Masu rubuta shi 'yan sa-kai ne, ba a biyansu ko anini, kuma yawancin shafuffukan kowa na iya buɗewa ya ƙara ko ya rage.

To, wurin da kowa ke da alƙalami dole a yi masa doka. Manyan dokokinsu uku ne. Ta fari, kada marubuci ya ɗauki ɓangare. Ta biyu, duk maganar da ake iya musunta sai a nuna littafi ko jarida abin amincewa da aka samo ta. Ta uku, kada mutum ya shigar da binciken kansa wanda ba a buga shi ko'ina ba. Kowace maƙala tana da shafin muhawara a bayanta, inda masu gyara ke kawo hujjojinsu. A kundin Turanci an hana mutum ya warware gyaran wasu fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin sa'a 24. Wanda ya ƙetare, masu kula suna iya ɗaure masa hannu na ɗan lokaci. In rigima ta gagara, sai a kai ta gaban kwamitin hukunci da aka kafa a ƙarshen 2003.

Game da asalin mutum, ƙa'idarsu ita ce a layin farko a ambaci ƙasar da yake ɗanta bisa doka, ko wadda yake ɗanta sa'ad da ya yi suna, a bar zancen ƙabila sai in ya shafi abin da aka san shi da shi. A baki wannan ƙa'ida mai sauƙi ce. Wahalarta tana fitowa ne in an zo kan mutumin da ya rayu tun kafin a shata iyakokin da muka sani yau.

Kofanikus Da Birni Mai Suna Biyu

Misalin da ya fi shahara shi ne na Nikolas Kofanikus, masanin taurarin nan da ya bayyana cewa duniya ce ke kewaya rana, wanda aka buga littafinsa a 1543, shekarar da ya mutu. An haife shi a 1473 a garin Torun. Shekara bakwai kafin haihuwarsa, watau a 1466, aka ƙulla sulhun da ya tabbatar da garin a ƙarƙashin sarkin Folan, bayan ya daɗe a hannun wata rundunar barade Jamusawa da ake kira Tutonik. Mutanen Folan suna cewa nasu ne, gama talakan sarkinsu ne, a jami'arsu ta Krakow ya yi karatu, kuma a yaƙin 1519 zuwa 1521 shi ya shirya tsaron garin Olsztyn don kada baraden nan su ci shi. Jamusawa kuma suna cewa mutanen garinsu yawanci Jamusanci suke yi, rubuce-rubucensa da suka wanzu da Latinanci ne da Jamusanci, sa'an nan da ya je karatu Bolonya ta Italiya cikin ƙungiyar ɗalibai ta Jamusawa ya sa sunansa.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan maganganu gaskiya ne, kuma kowane ɓangare ya san na ɗan'uwansa gaskiya ne. Abin da ake ja a kai kalma ɗaya ce tak, wadda za a liƙa wa sunansa. Alhali kuwa Jamus ba ta zama dunƙulalliyar ƙasa ba sai a 1871, fiye da shekara 300 bayan mutuwarsa. Bayan an sha fama, kundin Turanci ya bar sunan ƙasa a layin farko, ya kira shi masanin fannoni da yawa na zamanin farfaɗowar ilmi a Turai, ya ware wani sashe can ƙasa inda aka jera hujjar kowa.

Irin wannan rigima ta kama wani birni na bakin teku a wannan yanki, wanda mutanen Folan ke kira Gdansk, Jamusawa kuwa Danzig. A nan aka soma harbin Yaƙin Duniya na Biyu ran 1 ga Satumba, 1939, kuma a 1945 birnin ya koma hannun Folan, Jamusawan cikinsa suka gudu ko aka kore su. Wannan ya rubuta Gdansk, wancan ya shafe ya sa Danzig, haka aka yi ta yi a shafuffuka masu yawa. A 2005 masu gyara suka jefa ƙuri'a, aka tsai da cewa in ana zancen shekarun 1308 zuwa 1945 a ce Danzig, in kuwa kafin nan ne ko bayan nan a ce Gdansk. Hukuncin bai gamsar da kowa sarai ba, domin cikin waɗannan shekaru akwai fiye da 300 da birnin ya yi ƙarƙashin sarkin Folan. Amma ya kwantar da ƙura ƙwarai, dalili kuwa shi ne an ɗaura suna a kan shekara, shekara kuwa ba ta da dangi.

Tesla, Ɗa Na Kowa

Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Nikola Tesla, gwanin aikin lantarki, an haife shi a 1856 a ƙauyen Smiljan, wanda a lokacin yana cikin daular Ostiriya, yau kuwa yana cikin Kuroshiya. Iyayensa 'yan ƙabilar Sabiya ne, ubansa limamin cocinsu ne. Ya ƙaura zuwa Amurka a 1884, ya zama ɗan ƙasar a 1891, ya mutu a birnin New York a 1943. Kundin Turanci yana kiransa mutumin Sabiya da Amurka, gardama kuwa ta yi yawa har aka ware mata shafin muhawara nata na dabam, don kada ta danne sauran aikin.

Kada mai karatu ya zaci wannan wasan yara ne na marasa aikin yi. Hukumomi ma suna ciki. Hoton Tesla yana bisa takardar dinari 100 ta Sabiya, filin jirgin saman Belgrade da sunansa ake kiransa, tokar gawarsa kuma tana wani gidan tarihi a birnin. Da Kuroshiya ta ƙudura sa hotonsa a kan ƙananan kuɗinta na yuro, babban bankin Sabiya ya yi ƙorafi a 2021, amma duk da haka kuɗin suka fito a 2023. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙasashen nan biyu sun gwabza yaƙi a farkon shekarun 1990, abin da ya rage a zukata shi ke tasowa a shafin muhawara.

Inda Ƙarya Ta Shiga

Wajibi ne mu rarrabe tsakanin wannan gardama da wata wadda ta fi ta muni. A ta farko kowa ya yarda da abin da ya faru, suna kawai ake ja. A ta biyu kuwa, kishin ƙasa ne ke sa a rubuta abin da bai faru ba sam.

Daga 2004 har zuwa 2019, watau shekara 15, kundin Turanci yana ɗauke da labarin cewa a lokacin yaƙi 'yan Nazi sun hallaka mutanen Folan kimanin 200,000 da iskar guba a wani sansani a birnin Warsaw. Sansanin ya wanzu, an kuma kashe mutane a cikinsa, amma masana tarihi ba su sami hujjar wannan adadi ko ta wannan ɗakin guba ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, sai dai wannan ya yi nisa kafin a kai ƙarshensa, domin maƙalar ba ta sami idon masana a kanta ba.

Abin da ya auku a kundin harshen Kuroshiya ya fi wannan. Wasu 'yan tsirarun masu kula suka kame ragamarsa, suka riƙa wanke gwamnatin da ta goyi bayan 'yan Nazi a ƙasar lokacin yaƙi, suna toshe duk wanda ya yi musu. A 2013 ministan ilmi na ƙasar ya gargaɗi 'yan makaranta da su guji wannan kundi. A 2021 gidauniyar Wikimedia, wadda ke riƙe da kundin duka, ta fitar da rahoton da ya tabbatar da cewa an yi shekaru ana wannan aiki. Darasin da ke nan shi ne, kundin harshen da masu gyaransa kaɗan ne ya fi saurin faɗawa hannun 'yan ra'ayi ɗaya.

Amma adalci ya sa mu faɗi ɗaya gefen. A 2005 mujallar kimiyya ta Nature ta ba masana maƙala 42 su gwada da na kundin Britannica. Suka sami kuskure 162 a Wikipedia, 123 a Britannica. Masu Britannica sun musa hanyar da aka bi, duk da haka gwajin ya nuna cewa a fagen kimiyya tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Inda tuntuɓe ya fi yawa shi ne inda tarihi ya haɗu da kishi.

Abin Da Ya Shafe Mu

Wannan matsala tana jiran duk mai rubuta tarihin magabatanmu. Ibn Sina, mai littafin likitancin nan da ake kira Alƙanun, an haife shi wajen 980 kusa da Bukhara, wadda yau take cikin Uzbekistan, ya rasu a 1037 a Hamadan ta Iran, harshensa na gida Farisanci ne, yawancin littattafansa kuwa da Larabci. Ƙasashe da dama suna alfahari da shi, ba kuwa ɗaya daga cikinsu da ke da iyakokinta na yau a zamaninsa.

A nan gida ma haka ne. An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754 a Maratta ta ƙasar Gobir, wadda yau take cikin Jamhuriyar Nijar, ya rasu a Sakkwato a 1817. Sunan Nijeriya kuwa sai a 1897 Flora Shaw ta ba da shawararsa, aka haɗa Kudu da Arewa a 1914. Wanda ya rubuta cewa Shehu ɗan Nijeriya ne, ko ɗan Nijar, ya sa masa rigar da ba a ɗinka ba sai bayan rasuwarsa da shekara 80. In aka ce malami ne Bafillace, haifaffen Gobir, wanda ya kafa daular Sakkwato, aka kuma nuna inda waɗannan wurare suke a taswirar yau, an faɗi gaskiya, ba a kuwa tauye wa kowa haƙƙi ba.

Ra'ayinmu ke nan. In kalma ɗaya ta kasa ɗaukar rayuwar mutum, a sauke ta, a faɗi inda aka haife shi, da mai mulkin wurin a lokacin, da harshen da ya yi rubutu da shi, da shekarun duka. Wannan ya fi tsawo, amma shi ya kashe wutar Gdansk, shi kuma ya sassauta ta Kofanikus.

Muna jan hankalin malamai musamman. Yara yanzu layin farko suke kwafewa, injunan bincike na intanet ma sau da yawa shi suke ɗauka su nuna wa jama'a. A koya wa yaro ya gangara ƙasa ya ga littafin da aka jingina maganar da shi, ya buɗe shafin muhawara ya ga ko ana jayayya, in yana jin harshe biyu ya gwada abin da kowannensu ya ce. Akawu kuma kada ya shigar da shekara ko adadi cikin takardar hukuma sai ya gan shi a wuri na biyu. Waɗanda Allah ya ba ilmin tarihin garuruwansu, su taimaka wa kundin Hausa da hannu da littafi, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, yawan masu dubawa kuwa shi ne garkuwarsa. Allah ya sa mu dace.