SHARHI: Digirin MBA na ƙarshen mako: Abin da ma'aikaci ke saye da albashinsa, da abin da ba a faɗa masa

Duk ranar Juma'a da yamma, lokacin da ofisoshin Abuja ke tashi, akwai rukunin ma'aikatan da ba gida suke nufa ba. Wasu kan bi cunkoson Nyanya da Mararraba zuwa Keffi, wasu su kama hanyar Kaduna da Zariya, wasu kuma su tsaya a cikin gari su shiga aji, ko su buɗe kwamfuta su jira malami a intanet. Akwai ma'aikatan banki a cikinsu, da jami'an gwamnati, da likitoci, da injiniyoyi, da 'yan kasuwa. Abin da ya haɗa su shi ne neman digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wanda aka fi sani da MBA, ba tare da sun ajiye aikin da ke ciyar da iyalinsu ba.

Wannan karatu na wucin gadi ya daɗe a Najeriya, amma yanayin tattalin arziki na 'yan shekarun nan ya ƙara masa muhimmanci, ya kuma ƙara masa haɗari. Mai nemansa yana biya ne daga aljihunsa, yana sadaukar da hutunsa na shekara biyu ko fiye, alhali kuwa babu wani wuri guda da zai duba ya ga ko waɗanda suka riga shi sun ci ribar abin da suka kashe.

Dalilin da ya sa aka dawo gida

Kafin shekarar 2023, ma'aikacin da ya ɗan tara abin hannu kan yi mafarkin tafiya Ingila ya yi digiri na biyu cikin shekara guda. Abubuwa biyu suka taso suka toshe wannan hanya ga mafi yawan mutane. Na farko shi ne faɗuwar darajar naira bayan da Babban Bankin Najeriya ya sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023: dalar da ake canzawa kan kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Kuɗin makarantar waje ya ninka har sau uku ba tare da makarantar ta ƙara ko kwabo ba. Na biyu shi ne dokar Birtaniya da ta fara aiki a watan Janairun 2024, wadda ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu tafiya da mata da 'ya'yansu.

A cikin gida kuma, cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya janyo tsadar da ta kai hauhawar farashi zuwa kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disambar 2024. A irin wannan yanayi, ajiye aiki domin komawa makaranta kasada ce da mai iyali ba zai iya ɗauka ba. Zama wuri guda babu ƙarin takarda shi ma yana da nasa tsoron, musamman a bankuna, inda umarnin ƙara jari da Babban Banki ya bayar a watan Maris na 2024 ya sa ma'aikata tunanin haɗewar bankuna da rage ma'aikata da kan biyo bayanta. Karatun ƙarshen mako shi ne mafitar da ta rage tsakanin waɗannan tsoro biyu.

Su wane ne ke bayar da shi

Tsarin MBA ya samo asali ne a Amurka, inda Jami'ar Harvard ta fara shi a 1908. Jami'ar Chicago ce ta ɓullo da nau'in da aka tsara wa manyan ma'aikata masu ci gaba da aiki a 1943. A Najeriya yau ana iya kasa masu bayar da shi gida uku.

Akwai jami'o'in gwamnati, na tarayya da na jihohi. Jami'ar Abuja da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi su ne mafi kusa ga ma'aikatan babban birni. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da makarantar kasuwanci, ga kuma cibiyar karatu daga nesa da ke koyar da MBA ta intanet. A Kano akwai Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote a Jami'ar Bayero, wadda aka buɗe gininta na naira biliyan 1.2 a 2018.

Akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, mai hedikwata a Jabi, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka kuma farfaɗo da ita a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo. An gina ta ne tun farko domin wanda ba zai iya zama a aji kullum ba.

Sai jami'o'i masu zaman kansu, irin su Nile da Baze a Abuja, da Makarantar Kasuwanci ta Legas da aka kafa a 1991, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Pan-Atlantic, ta kuma samu amincewar manyan hukumomin tantance makarantun kasuwanci na duniya. Tazarar kuɗi tsakanin waɗannan rukunai tana da faɗi ƙwarai, daga dubban ɗaruruwan naira zuwa miliyoyi masu yawa, duk da cewa haruffa ukun da ke kan kwalin iri ɗaya ne.

Sharuɗɗan shiga da inda ake tuntuɓe

Sharuɗɗan sun yi kama da juna a yawancin jami'o'i: kiredit biyar a jarrabawar sakandare har da Turanci da Lissafi, digiri na farko mai daraja ta biyu, takardar kammala yi wa ƙasa hidima ko ta yafewa, da shaidar cewa mai nema ya taɓa aiki na wasu shekaru. Mai digiri mai daraja ta uku, ko mai babbar difloma ta HND, galibi sai ya fara yin diflomar gaba da digiri, wato PGD, wadda ke ƙara masa shekara guda da wani kuɗin. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudirin kawar da bambanci tsakanin HND da digiri a 2021, amma marigayi Shugaba Muhammadu Buhari bai sa masa hannu ba har ya bar mulki, don haka wannan tsani yana nan.

Abin da ya fi wahalar da masu nema shi ne cikakken sakamakon jarrabawa da tsohuwar jami'a za ta aika wa sabuwa. Wanda ya gama karatu shekara goma sha biyar da suka wuce zai iya shafe watanni yana bin fayil daga ofis zuwa ofis, kuma an sha samun waɗanda suka kammala darussa amma aka riƙe sakamakonsu saboda takardar ba ta iso ba. Hikima ita ce a fara nemanta kafin ma a sayi fom.

Akwai kuma wani batu da sanarwar ɗaukar ɗalibai ba ta cika bayyanawa ba. A tsarin jami'o'in Najeriya, MBA digiri ne na ƙwarewar aiki, ba na zurfafa bincike ba. Yawancin jami'o'i ba sa karɓarsa kai tsaye domin shiga digirin digirgir, ba kuma sa ɗaukarsa daidai da MSc wajen ɗaukar malamai. Wanda burinsa koyarwa a jami'a ne, idan bai yi tambaya ba, zai iya gano bayan shekara biyu cewa ya shiga motar da ba garinsu za ta ba.

Wa ke biya

Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka amince da shi a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato naira 840,000 a shekara. Mai neman MBA galibi yana samun fiye da haka, amma lissafin yana nuna yadda ko da kuɗin jami'ar gwamnati zai iya lashe albashin watanni. Ban da kuɗin makaranta akwai na mota, da masauki ga mai zuwa wani gari, da data, da littattafai, da buga kundin bincike.

Asusun ba ɗalibai lamuni na NELFUND, wanda ya buɗe shafinsa a watan Mayun 2024, ya fara ne da ɗaliban matakin farko a manyan makarantun gwamnati. Tallafin ƙaro karatu na TETFund kuwa na malaman manyan makarantun gwamnati ne. Saboda haka ɗalibin MBA na wucin gadi ya dogara ne da albashi, ko adashi, ko bashin ƙungiyar gama kai ta ofis, ko rancen banki mai tsadar ruwa. Kamfanonin da ke ɗaukar nauyin ma'aikaci kan sa shi ya rattaba hannu cewa zai zauna da su na wasu shekaru bayan ya gama.

Ga ma'aikacin gwamnati akwai ƙarin abin lura. Ƙa'idar aiki ta tanadi a nemi izini kafin a fara karatu, kuma takardar da aka samo ba da izini ba tana iya shan wahalar shiga fayil. Ƙarin girma ma yana tafiya ne da shekaru da jarrabawa da samuwar gurbi: shekara uku tsakanin matakai daga na 7 zuwa na 14, shekara huɗu daga na 15 zuwa na 17. MBA ba ya gajarta wannan jira. Amfaninsa yakan fito ne a wajen tantancewa, ko lokacin da mutum ya bar aikin gwamnati.

Kwali da abin da ke bayansa

Najeriya ta riga ta ɗanɗana abin da ke faruwa idan neman kwali ya fi ƙarfin masu sa ido. A 2001 gwamnati ta haramta rassan jami'o'i da aka bubbuɗe a garuruwa masu nisa da uwar makaranta. A 2012 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta dakatar da karatun wucin gadi a jami'o'i saboda ɗibar ɗalibai fiye da ƙima da kuma amfani da cibiyoyin da ba a amince da su ba. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin makonni shida, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da tantance takardun Jamhuriyar Benin da Togo a watan Janairun 2024. Daga baya Ministan Ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya bayyana cewa sama da 'yan Najeriya 22,000 ne ke yawo da takardun bogi daga ƙasashen biyu.

Takardar bogi ita ce mafi munin lamarin, amma akwai wata matsala da ta fi ta yaɗuwa: takardar gaske da babu ilimi a bayanta. Kuɗin da jami'o'in gwamnati ke samu daga kwasa-kwasan ƙwarewa na daga cikin kuɗin shigar da suke rufe giɓi da shi, kuma hakan na iya jan su ga cika aji fiye da abin da malamai za su iya kulawa da shi. Ɗalibin da ya wuni biyar a ofis yakan iso aji a gajiye, domin taura biyu ba ta taunuwa cikin sauƙi. Idan malami da ɗalibi suka yi yarjejeniyar da ba a furta ba, cewa a karanta takardun da aka raba a ci jarrabawa, a kuma ba wani ya rubuta kundin bincike, to an sayi kwali ne kawai.

Yajin aiki ma yana cikin lissafi. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta rufe azuzuwa kusan wata tara a 2020, da wata takwas daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022. Karatun da aka tsara wa wata goma sha takwas ko ashirin da huɗu yana iya miƙewa, kuma kowane ƙarin zango ƙarin kuɗi ne.

Abin da ƙasa ke buƙata daga ajin

Batun ya wuce ribar mutum ɗaya. Binciken da hukumar SMEDAN da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka gudanar ya nuna akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i sama da miliyan 39 a Najeriya. Da yawa daga cikinsu, daga Kantin Kwari a Kano zuwa kasuwar Wuse a Abuja, suna tafiya ne ba tare da rubutaccen lissafi ba, ba a raba kuɗin shago da na gida, kuma sukan durƙushe idan mai su ya rasu aka zo rabon gado. Sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025 za su ƙara matsa wa irin waɗannan sana'o'i lamba su riƙa ajiye bayanai. Ajin MBA da ya amsa sunansa shi ne wanda ɗalibinsa zai fita ya iya karanta bayanin kuɗin kamfani, ya tsara farashi a lokacin da naira ke tangal-tangal, ya kuma shirya wanda zai gaji kasuwanci. A nan ne karatun wucin gadi ya fi na cikakken lokaci: abin da aka koya ranar Asabar ana iya gwada shi ranar Litinin.

Tambayoyi kafin a biya

Mai nema yana da abin yi. Ya tabbatar NUC ta amince da jami'ar da kuma shi kansa kwas ɗin, kuma wurin da za a yi darasin harabar jami'ar ce ko cibiyar da aka yarda da ita. Ya nemi jimillar kuɗin daga farko zuwa ƙarshe a rubuce. Ya tambayi tsofaffin ɗalibai yawan mutanen da ke aji, da ko malamai na zuwa, da tsawon lokacin da suka jira kafin kwalinsu ya fito. Ya kuma samu izinin wurin aikinsa da fahimtar iyalinsa, domin su ne za su biya da ranakun hutu.

Sai dai bai kamata nauyin duka ya rataya a wuyansa ba. Ya dace NUC ta wajabta wa kowace makarantar kasuwanci ta riƙa wallafa adadin ɗaliban da ta ɗauka, da waɗanda suka kammala a kan lokaci, da yawan malamanta na dindindin. Ya dace masu ɗaukar ma'aikata su riƙa gwada abin da mai takarda ya iya maimakon ƙirga haruffan da ke bayan sunansa. Gwamnati kuma, da ta buɗe ƙofar lamuni ga matasa, tana iya duba yadda za ta faɗaɗa ta ga ma'aikacin da ke da albashin da za a riƙa cire bashin daga ciki. Kafin a kai ga haka, wanda zai sayi fom a bana ba shi da abin dogaro face tambayoyin da ya yi kafin ya tura kuɗinsa.