Zaƙin Murya Ba Hujja Ba Ne

Malam, na karanta maƙalarka inda ka ce sauraron littattafan kasada masu tono asirin magabata ya ishi matashi sanin tarihi. Ban yarda ba, ko kusa.

Ɗauki The Da Vinci Code na Dan Brown, na 2003, wanda ka yaba. Tun farkonsa ya gabatar da ƙungiyar asiri ta Priory of Sion a matsayin gaskiya, wai tun 1099 take. Alhali wani Bafaranshe, Pierre Plantard, shi ya yi mata rajista a 1956, daga baya aka cusa takardun jabu a babban ɗakin karatu na Paris. Mai karatu yakan dakata ya bincika. Mai sauraro fa? Yana tuƙi ko yana wanki, ƙarya da gaskiya su shige masa kunne tare.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne King Solomon's Mines na Rider Haggard, na 1885. Irin labarinsa ne ya ƙara cusa wa Turawa cewa duk ginin ban mamaki a Afirka baƙi ne suka yi. Haka aka yi wa ganuwar Great Zimbabwe: a 1871 Karl Mauch ya jingina ta ga Sarauniya Bilkisu. Gertrude Caton-Thompson ta yi tono a 1929, ta tabbatar 'yan ƙasa ne suka gina ta, amma gwamnatin Turawan Rodeshiya ta ci gaba da danne maganar har shekarun 1970.