Ƙarar Salansa Da Ciwon Kan Yara A Kujerar Baya

Na san wani zai ce me ya haɗa shafin lafiya da gareji. Ka ɗan yi haƙuri ka biyo ni, domin motar da kake kai yara makaranta da ita kullum ɗaki ce daga cikin ɗakunan gidanka, kuma iskar cikinta suke shaƙa.

Wani maƙwabcina a nan Agege ya kwashi iyalinsa a tsohuwar motarsa za su gida hutun Sallah. Tun kafin tafiyar hankalinsa ba a kwance yake ba, saboda yana ganin farin hayaƙi da safe, kuma wani ya ce masa gasket ce ta ƙone. Ƙarar da salansa ke yi kuwa bai ɗauke ta a bakin komai ba, ya ce sai an dawo. Suna wuce Ibadan yara biyu da ke baya suka fara kukan ciwon kai, ƙaramar ta yi amai. Uwar ta ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba su farasitamol. Da aka tsaya cin abinci a Lokoja suka ɗan warware har suna wasa, ana komawa hanya abin ya dawo. Allah ya taimaka wata ma'aikaciyar jinya a asibitin da suka tsaya ta tambayi abin da ya dace: a mota kawai suke jin haka? Da bakanike ya leƙa ƙasa, sai ga huda a bututun salansa daidai ƙarƙashin kujerar baya. Gasket ɗin da ta hana shi barci lafiyarta ƙalau.

Haka yawancinmu muke. Muna tsoron gasket saboda tana cin kuɗi, muna raina salansa saboda aikin mai walda ne na ɗan lokaci. Alhali ta farkon aljihu take taɓawa, ta biyun kuma tana iya taɓa rai.

A cikin hayaƙin mota akwai iskar kabon monoksaid, ita ce dai wadda ke kashe mutanen da suka kwana da janareta a cikin gida. Ba ta da launi, ba ta da wari. Warin da kake ji na sauran abubuwan da ke cikin hayaƙin ne, don haka rashin jin wari ba shaidar lafiya ba ce. Idan ta shiga huhu tana manne wa sinadarin jini mai ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su fara rasa iska alhali mutum yana numfashi. Alamunta na farko ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya, kasala da gyangyaɗi, wato irin abin da muke saurin laƙaba wa maleriya ko taifot ko gajiyar hanya. Abin da zai farkar da kai shi ne biyu: mutum fiye da ɗaya a motar suna jin abu iri ɗaya a lokaci guda, kuma suna samun sauƙi idan an fito. Ƙananan yara, mai juna biyu da abin da ke cikinta, tsofaffi, masu ciwon zuciya da masu sikila su ne ke fara galabaita. Direba kuma idan gyangyaɗi ya kama shi a kan babbar hanya, ka san sauran.

Ta yaya za ka gane salansa na yoyo tun a gida? Da safe, kafin inji ya ɗauki zafi, ka tayar da motar a fili, ba cikin gareji ba, ka saurara. Idan kana jin wani tik-tik ko fit-fit daga gaba wanda ke raguwa bayan inji ya yi zafi, yawanci daga manifol ne, wato inda hayaƙi ke fara fita daga inji, domin ƙarfe idan ya yi zafi yana buɗewa ya matse tsagar. Wannan yoyon na gaba ya fi haɗari, don yana kusa da inda fanka da esi ke jan iska zuwa cikin mota. Idan kuma gurnani ne daga ƙasa ko baya, to bututu ne ko tukunyar salansa. Ka sa wani ya ɗan toshe bakin salansa da tsumma na daƙiƙa uku ko huɗu, kai kana saurare a gefe. Salansa mai lafiya za ta ture tsumman, mai huda kuwa za ka ji iska na fita ta wani wuri. Baƙin toka a jikin mahaɗar bututu shi ma shaida ne. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak, a kai ta inda ake da rami.

Mu da ke Legas ko Fatakwal abin ya fi damunmu, saboda iskar teku da ambaliyar damina suna cin ƙarfe. Ga shi motocinmu 'yan Kwatano da Beljiyam da yawansu sun fito ne daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, sun iso da tsatsa a ƙasa ko da jiki na ƙyalli. Sai ramuka da tudun rage gudu su ƙarasa. Akwai kuma wata ɗabi'a ta cire abin da makanikai ke kira indomi, wanda yake tace hayaƙi, ko dai da saninka ko a bayan idonka, don ana sayensa da tsada. Motar da aka cire wa shi tana fitar da wannan guba fiye da da, kuma wurin da aka yanke aka liƙe shi ne ke fara yoyo.

Huda kaɗai ba ta isa ba sai hayaƙin ya sami ƙofa. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasan mota ka duba ko tsatsa ta ci ta, ka duba robar bakin but. Wannan ta kai ni ga abin da nake gani kowace Sallah: an loda buhuna a but har ya ƙi rufuwa, an ɗaure shi da igiya, an jera yara a kujerar ƙarshe. Mota idan tana gudu iskar bayanta juyowa take yi, ta kwaso hayaƙi ta cusa shi ta wannan buɗaɗɗen but. Haka kuma zama cikin mota a tsaye, inji na aiki, gilashi a rufe, esi a kunne, ko a cunkoso ko ana jiran uwargida ta fito daga kasuwa. Barin yaro ya yi barci a irin wannan hali kuskure ne babba.

Idan ka yi zargin wani ya shaƙa, ka tsaya, ka kashe inji, a fitar da kowa fili. Wanda ya suma, ya rikice, yake jin ciwon ƙirji, ko mai ciki, asibiti kai tsaye, ko a kira 112. Ka gaya wa likita a mota abin ya faru, domin ɗan na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana iya nuna oksijin lafiya lau alhali jinin cike yake da guba. Maganinsa oksijin ne. A iskar waje jiki na ɗaukar awa huɗu zuwa biyar kafin ya rage rabin gubar, da oksijin na asibiti kuwa awa ɗaya da ɗan wani abu. Manja da madara ba sa yin komai a nan, ɗura wa wanda ya suma ma yana iya shaƙe shi.

To yanzu gasket. Ita wani faifai ce da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, wadda makanikai ke ce wa tof gasket. Aikinta raba abu uku: wutar da ke ci a silinda, ruwan lagireto, da baƙin mai. Idan ta ƙone sai su fara shiga gonar juna. Amma farin hayaƙin safe, musamman lokacin hunturu ko damina, tururi ne kawai, kuma ɗigon ruwa daga bakin salansa da safe ba laifi ba ne. Na gasket shi ne fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, wani lokaci da ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, baƙi kuma fetur ne ya yi yawa.

Alamar da na fi yarda da ita ita ce ruwa na ƙarewa a lagireto kullum, ka duba ƙasa ba ɗigo. Da safe, inji na sanyi, ka buɗe murfin lagireto ka tayar da mota. Idan kumfa na ta tasowa ba tsayawa, hayaƙi ne ke kutsawa cikin ruwa. Ka zaro sandar auna mai, idan ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Sai dai ɗan farin maiƙo a ƙarƙashin murfin mai kaɗai ba hujja ba ne, motar da ba ta wuce gida zuwa makaranta tana yin haka. Akwai kuma ɓarin inji da safe na ɗan lokaci, da fulogi ɗaya da za a ciro tas kamar an wanke shi.

Ko da ka ga waɗannan, kada ka yarda a kwance inji a kan zato. Ka ce a auna matsin kowace silinda, ko a yi gwajin ruwan nan mai launin shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, wanda ke komawa ruwan ɗorawa idan akwai hayaƙi. Garejin da ba shi da ko ɗaya, ka nemi wani. Sau da yawa ciwon bai wuce murfin lagireto da ya saki, ko tiyo, ko fanka, ko famfon ruwa ba. Idan kuma ta tabbata gasket ce, ka tambayi me ya ƙona ta, don galibi zafi ne ya yi yawa, kuma in ba a gyara dalilin ba sabuwar ma za ta bi sahu. A kai kan injin a auna ko ya lanƙwashe kafin a mayar. Ruwan rijiya da na leda da muke ɗurawa kuma suna tara ƙasa-ƙasa da tsatsa a lagireto, ruwan da aka yi domin aikin ya fi.

Sai dai shi wannan ruwan, kore ko ja, guba ne mai zaƙi da ke lalata ƙoda. Kada a juye ragowarsa a robar lemo a ajiye inda yaro zai kai hannu. Kuma idan mota ta yi zafi a hanya, ka kashe ta ka jira ta huce sosai kafin ka taɓa murfin, domin ruwan ciki ya wuce digiri 100 kuma a matse yake, fuska da hannu yake nufa. Wanda ya ƙone a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20, ba ƙwai ba, ba man goge baki ba, sannan a tafi asibiti.

Idan kuɗin hannunka na gyara ɗaya ne wannan watan, ka fara da salansa. Mai matsalar gasket a ajiye ta a gida har kuɗi su samu, don tuƙa ta a haka yana iya cinye injin gaba ɗaya. Kafin a kai ga mai walda kuma, gilashi a buɗe, yara su hau wata motar.