Wasiƙa Zuwa ga Matasa Masu Binciken Gani da Maida Hankali

Ƙannena a wannan fage,

Na rubuto muku ne kan wata magana da ta zama ruwan dare a bakin sabbin shiga binciken ƙwaƙwalwa, wai ba a yin abin kirki sai da na'urar MRI da tallafi mai tsoka. Maganar nan tana kashe gwiwar masu hazaƙa tun ba su fara ba. Ni kuwa na ce jarin mai bincike tambayarsa ce. Ku samu tambaya guda mai kyau, ku tsara gwajin da zai iya ƙaryata ku, ku zauna a kanta shekara da shekaru. Hujjata ita ce rayuwar Anne Treisman.

An haife ta a Wakefield ta ƙasar Ingila a 1935. Harsuna ta fara karantawa a jami'ar Cambridge kafin ta koma nazarin halayyar ɗan Adam. A 1958 Donald Broadbent ya fito da ra'ayin cewa ƙwaƙwalwa tana da mataci, duk abin da mutum bai sa wa hankali ba ana tare shi tun daga ƙofa. Treisman tana ɗaliba a Oxford ta gwada maganar da rikoda da abin sawa a kunne. Ta sa wa mutum labari ɗaya a kunnen dama, wani daban a na hagu, ta ce ya riƙa maimaita guda. Ana cikin haka sai ta musanya labaran. Sai aka ji wasu sun bi ma'ana zuwa kunnen da aka hana su saurare, sun furta kalma ɗaya ko biyu kafin su ankara. A 1960 ta wallafa sakamakon: ashe ba a rufe ƙofar ruf, rage sautin kawai ake yi. Ku dubi ƙanƙantar kayan aikin, ku dubi girman ra'ayin da suka gyara.

Daga kunne ta koma ido. A lokacin David Hubel da Torsten Wiesel sun riga sun nuna cewa akwai ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ba sa amsawa sai ga layi mai wata karkata, wasu masanan kuma suna gano sassan da suka fi kula da launi ko motsi. Sai ta tambaya: in launi da siffa kowa da inda ake sarrafa shi, me ke haɗa su har mu ga abu guda? A 1980 ita da Garry Gelade suka amsa: maida hankali ne. Sun nuna cewa in abin da ake nema ya bambanta da sauran ta launi kaɗai, ido na cafke shi nan take, komai yawan abubuwan da ke kewaye da shi. Amma in aka ce a nemo koren T a cikin T masu ruwan ƙasa da korayen X, duk harafin da aka ƙara sai lokacin nema ya ƙaru.

Abin da ya fi burge ni shi ne ta bar ra'ayinta ya yi hasashen da zai iya kunyata ta. In da gaske hankali ne ke ɗaure launi da siffa, to in aka shagaltar da shi, dole a samu masu ganin launin wannan harafi a jikin wancan. A 1982 ita da Hilary Schmidt suka gwada, haka kuwa aka samu. Bayan shekaru, tare da Lynn Robertson, ta yi nazarin wani majinyaci da shanyewar jiki ta lalata masa sassan ƙwaƙwalwa masu lura da inda abu yake, a dama da hagu. Ko haruffa biyu aka nuna masa, aka ba shi lokaci, yakan musanya launukansu. Gwajin allo ne ya fara faɗa, ƙwaƙwalwa ta zo ta gaskata.

Ku koyi karɓar gyara kamar yadda ta karɓa. A 1989 Jeremy Wolfe da abokan aikinsa sun nuna cewa wasu haɗe-haɗen ana gano su da sauri fiye da yadda ta zata, domin launi da siffa suna yi wa hankali jagora. Ba ta kafe ba, a 1990 ta sake fasalin ra'ayin. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

In Allah ya ba ku damar aiki da manyan na'urori, ku yi, amma kada hoto mai launi ya ruɗe ku. A 2009 Craig Bennett da abokansa sun bayyana yadda suka sa mataccen kifi a na'urar MRI, sakaci wajen lissafi ya nuna kamar ƙwaƙwalwarsa na aiki. Da gangan suka yi, don jan kunne. A 2015 kuma aka wallafa sakamakon sake gwada bincike 100 na fannin halayyar ɗan Adam, waɗanda suka tabbata ba su kai rabi ba. Don haka ku rubuta hasashenku da hanyar lissafinku kafin ku tara bayanai, ku gwada isassun mutane, ku bar bayananku a buɗe ga mai son dubawa.

Kada ku manta aikin nan ya shafi rayuka. A 2005 Wolfe ya gwada masu neman abu a hotuna irin na binciken jakunkuna a filin jirgi. Da abin ke bayyana a rabin hotunan, kashi 7 cikin ɗari ake kuskurewa. Da ya koma hoto ɗaya cikin ɗari, kuskure ya kai kashi 30. A 2013 Trafton Drew da Melissa Võ da Wolfe suka saka ɗan hoton goggon biri a hoton huhu, likitocin hoto 20 cikin 24 ba su lura da shi ba, alhali idon yawancinsu ya sauka a wurin. Mai duba jini a madubin likita yana neman ƙwayar maleriya a asibitocinmu, irin wannan neman yake yi tun safe har yamma. Yaushe gajiya ke fara cin idonsa? Wane tsarin hutu ne zai rage kuskure? Ga aiki yana jiran ku.

Akwai ma tambayoyin da kuka fi kowa damar amsawa. Yawancin abin da aka sani a fanninmu a kan ɗaliban jami'o'in Turai da Amurka aka gwada. An kuma nuna cewa ɓangaren da mutum ke fara karatu, dama ko hagu, yana tasiri kan inda hankalinsa ya fi karkata. A Kano da Sakkwato da Damagaram akwai ɗimbin jama'a da suka tashi da ajami daga dama, da boko daga hagu. Yaya hankalinsu ke rabuwa a kan allo? Kwamfuta ɗaya da manhajar PsychoPy, wadda kyauta ce, sun isa a fara. Ku nemi yardar wanda za ku gwada cikin harshen da yake ji, ku kare sirrinsa, ku koma ku gaya masa abin da kuka gano.

Sai haƙuri. Tsakanin takardarta ta 1960 da ranar da Barack Obama ya rataya mata lambar girmamawa ta kimiyya ta ƙasar Amurka a 2013, shekara 53 ne, ta kuma rasu a 2018. Kada ku riƙa sauya tambaya duk lokacin da yayi ya sauya. Kowannenku ya rubuta tambayarsa a jimla ɗaya, ya rubuta a ƙasanta sakamakon da zai sa ya yarda ya yi kuskure, ya kai wa abokin aikin da ba ya jin nauyin faɗa masa gaskiya. In ta tsallake hannunsa, a fara aiki.

Allah ya yi muku jagora, ya sa albarka a ƙoƙarinku.

Wassalam,
Yayanku a wannan sana'a.