Wa Zai Raka Baƙo A Titin Bauchi?

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, wanda mahaifarsa take Bauchi ko Gombe ko Borno, ya san Jos ko da bai taɓa kwana cikinta ba, domin hanyar gida ta nan ta bi. A tashar mota ta Titin Bauchi yake sauka ya yi salla, ya ci abinci, ya sake mota. Wasu kuwa Jos ɗin ce maƙasudin tafiyarsu: mai zuwa sarin dankalin Turawa da kabeji a Farin Gada, da mai kai ɗansa Jami'ar Jos wadda tsohon mazauninta yake bakin wannan titi, da mai zuwa ɗaurin aure ko ta'aziyya a Unguwar Rogo ko Rikkos. A da shirin wannan tafiya bai wuce kuɗin mota da rigar sanyi ba. Yanzu mai ɗan hali ya ƙara wata tambaya cikin lissafinsa, watau wa zai tsare shi. Inda aka sami tsoro kuwa ba a rasa mai tallar maganinsa. Kamfanonin gadi suna tallar rakiya daga filin jirgin sama har masauki, da mota da direba da ƙarti masu baƙin tabarau. Wanda aljihunsa bai kai nan ba sai a nuna masa samarin unguwa, a ce su ne za su tsaya masa.

Ba za a zargi mai wannan tsoro ba, domin ba daga sama ya faɗo ba. Rikicin da ya ɓarke ran Jumma'a 7 ga watan Satumba 2001 ya ci rayuka kusan 1,000 cikin kwana shida. Na ƙarshen watan Nuwamba 2008, wanda ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ya ci aƙalla 700. A 2010 aka yi Kuru Karama da Dogo Nahawa, aka kuma kafa rundunar tsaro ta musamman don jihar. Ran 20 ga watan Mayu 2014 bama-bamai biyu suka tashi a Taminus, mutum 118 suka halaka. Kowane rikici ya bar tabonsa a taswirar gari: Musulmi sun tattara a wasu unguwanni, Kirista a wasu, har ya zamana tsallake titi guda kan zama tamkar ƙetare iyakar ƙasa a ranar da gari ya ɗauki zafi. Cikin birnin dai an sami sauƙi ƙwarai, kasuwanni suna ci, ana ciniki da juna. Amma ƙauyukan Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da Bassa ba su huta ba, kuma wutar da ta kama can hayaƙinta kan iso hanyoyin shiga gari.

To, me kuɗin rakiya ke saya wa baƙo? Dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta hana ma'aikatansu riƙe bindiga, kuma Hukumar Sibil Difens ce ke kula da lasisinsu da sa ido a kansu. Ke nan ƙaton da kamfani ya turo, komai faɗin ƙirjinsa, hannunsa kawai yake da shi, sai ko kulki. Yana iya kare mutum daga ɗan sane ko mai ƙwacen waya, wannan kuwa amfani ne, ba a raina shi ba. In ana son bindiga sai an ɗauko jami'in hukuma, nan kuma wata ɓarnar take. A 2018 shugaban Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda na lokacin, Mike Okiro, ya ce 'yan sanda fiye da 150,000 suna gadin manyan mutane da waɗanda ma ba su cancanta ba. Sufetocin 'yan sanda da dama sun yi shelar janye su, shelar tana bin iska, har a watan Nuwamba 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sake ba da wannan umarni, ya ce mai bukatar ɗan rakiya da makami ya nemi na Sibil Difens. Ko wane kaki ya sa, jami'in da ke riƙe wa wani attajiri ƙofar mota a Rayfield, an cire shi ne daga wata mararraba inda motar talakawa za ta wuce.

Ya kamata a dubi yadda baƙi suka rasa rayukansu a wannan jiha, a ga ko ɗan rakiya na haya zai hana. Ran 5 ga watan Yuli 2015, cikin azumi, bam ya tashi a gidan abinci na Shagalinku da ke Titin Bauchi, inda matafiya ke yawan tsayawa, aka kuma kai hari masallacin 'Yan Taya ana cikin tafsiri. Mutum 44 suka rasu a daren. Bam ba ya tambayar wa ya zo da mai gadi. Ran 3 ga watan Satumba 2018 Manjo Janar Idris Alkali, wanda bai daɗe da barin aikin soja ba, ya taso daga Abuja zai tafi Bauchi, ya faɗa hanyar da matasa suka tare a Dura-Du saboda wani hari da aka kai musu a daren jiya. Sai ƙarshen watan aka zaro motarsa daga kududdufin kuza, gawarsa kuwa sai 31 ga watan Oktoba aka same ta cikin wata tsohuwar rijiya. Ran 14 ga watan Agusta 2021 motocin bas biyar ɗauke da masu komawa Ikare ta Jihar Ondo daga taron zikiri a Bauchi suka bi ta Titin Rukuba, a daidai lokacin da yankin ke cikin zafin kashe-kashen da aka yi a ƙauyukan Bassa. 'Yan sanda suka ce an kashe 22. Waɗannan mutane mazauna Kudu ne kamar mai karatu, hanyar da yake bi suka bi. Sa'an nan a watan Yuni 2025 'yan ɗaurin aure daga Basawa ta Zariya, masu zuwa Qua'an Pan, suka ɓace hanya a Mangun ta ƙasar Mangu, suka tsaya tambaya, aka far musu, aƙalla 12 suka mutu. Hausawa suna cewa matambayi ba ya ɓata. Ranar nan karin maganar bai yi aiki ba, domin tambayar ta zo a makare, ga mutanen da ba su san mai tambayar ba.

In aka cire bam, abu guda ne ya haɗa waɗannan musibu: matafiyi ya shiga hanyar da kowane ɗan gari ya san ba ta biyuwa a wannan rana. Abin da ya rasa labari ne. Mutum biyu ko uku masu rakiya ba su iya tare taron ɗaruruwan fusatattu, kuma in suna da bindiga suka harba, gobarar da za ta biyo baya a kan wasu matafiyan za ta ƙare. Kaki ma ba koyaushe yake zama laya ba. Mutanen Unguwar Rogo da Ali Kazaure ba su manta ba cewa ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta lissafa mutane fiye da 130 waɗanda jami'an tsaro da kansu suka kashe ba bisa ƙa'ida ba a rikicin 2008.

Abin mamaki shi ne, babu wanda ya fi ɗan kasuwar Arewa sanin maganin wannan matsala, domin kakanninsa ne suka haɗa shi. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suna yin watanni a hanya, suna ratsa ƙasashen da ba su jin harshensu. Lalle akwai masu makami cikin ayari, amma ba a kansu ayari yake dogara ba. Madugu ne ke shiga gaban sarakunan hanya ya biya abin da za a biya, jagaba ne ke wucewa gaba ya dubo ko hanya lafiya, in an sauka zango kuma fatoma ne ke karɓar baƙo, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a ciniki, ya gaya masa inda zai taka da inda ba zai taka ba. A kan wannan tsari aka gina Sabo ta Badun da zangon Agege, inda mai gida ke ɗaukar nauyin baƙonsa tun daga saukarsa har komawarsa. Da ɗan gari akan ci gari. Mutumin da ba zai aika shanu Ikko ba sai ya san mai gidan da zai karɓe su, yaya zai ɗora iyalinsa a mota su ratsa Filato ba tare da ya buga wa kowa waya a Jos ba?

Wannan nauyi na mai masauki bai tsaya ga baƙon da ake salla ɗaya da shi ba. Bayan kisan Titin Rukuba an yi ramuwa a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, aka sa dokar hana fita dare da rana a Jos ta Arewa, jami'a ta dakatar da jarrabawa, gwamnatocin jihohi suka turo motoci suna kwashe ɗalibansu. Ɗalibin da ya zo daga Inugu ko Binuwai yana haya kusa da Titin Bauchi baƙo ne shi ma, kuma amanarsa tana wuyan mutanen unguwar. A watan Yuni 2018 Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya ɓoye Kirista fiye da 200 cikin masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ba shi da makami, har Amurka ta karrama shi a 2019. Ɗan Arewa da ke zaune a Kudu ya fi kowa sanin darajar irin wannan maƙwabci, domin ranar da aka taɓa baƙo a Jos, shi ne ke kwana da ido ɗaya a Anacha.

Batun ɗaukar samarin unguwa kuwa, gara a bar shi. Unguwannin Jos ta Arewa sun daɗe suna fama da 'yan sara-suka, kuma duk kuɗin da baƙo ya damƙa wa matashi mai wuƙa don ya raka shi, mazauna unguwar ne za su biya sauran bayan ya tafi. Haka nan ɗaukar makami cikin mota. A watan Maris 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo suna hanyar komawa Kano daga Fatakwal, bayan 'yan banga sun ga bindigogin farauta cikin motar da ta ɗauko su. Babu hujjar da za ta wanke waɗanda suka yi wannan ta'asa, amma ta nuna yadda makami a hannun baƙo yake zama abin da za a kafa masa sharri da shi.

Akwai aikin da ya rage, kuma ba mai tsada ba ne. Jihar Filato tana da Hukumar Samar da Zaman Lafiya tun 2016, ga rundunar tsaro, ga ƙungiyar direbobi mai reshe a kowace tasha. Tilas ne waɗannan su haɗu su kafa teburin labarin hanya a tashar Titin Bauchi da sauran mashigan gari, da lambar waya guda wadda direba zai kira tun yana Akwanga ko Toro a gaya masa gaskiya: wace hanya ce a buɗe, ina ake jana'iza, ina aka kai hari jiya. Ranar da aka san gari ya ɗauki zafi, jami'an da aka janye daga gidajen manya su raka motocin haya a jere har su fita yankin, ba tare da an karɓi kwabo ba. Sarakunan Hausawa na biranen Kudu da shugabannin tashoshin Agege da Mile 12 da Sabo su kuma su sa ƙa'ida: kada motar biki, ko ta taron addini, ko ta kai gawa ta tashi zuwa Filato sai an rubuta sunan wanda zai tarye ta, sai direban ya san hanyar, kuma sai an tsara tafiyar yadda za a ratsa jihar da rana.