In manhaja ta ƙi zama

Wani mai tura fina-finai a kasuwar Maraɗi ya kawo mini kuka. Kashi-kashin shirin Labarina sun cakuɗe masa, masu saye na maido da katinsu, kuma FileBot, manhajar da ke jera sunayensu bisa tsari irin S01E05, ta ƙi zama cikin kwamfutarsa.

Kafin a zargi manhaja, a duba abu ukku. Rezo kan yanke ana cikin saukowa, a samu guntu. Sai a sake. Windows mai bit 32 ba ya karɓar manhaja mai 64. Kuma da Java aka gina ta. In na cikin na'ura ya tsufa, a sabunta shi.

In ta zauna, a fara gwaji kan kwafi. Rigakafi ya fi magani.