Hunturu Ya Shigo, Wa Ke Riƙe Da Tukunyar Gida?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa Bahaushe bai haɗa ɗari da sanyi a kalma ɗaya ba. Sanyi na damina ne, mai laima. Ɗari kuwa na hunturu ne, busasshe, wanda ke zuwa da hazo da ƙura, ya tsage leɓe, ya sa faso a dunduniya. A da, wannan lokaci shi ne na jin ɗumi. An gama kaka, rumbu ya cika, da almuru sai yara su kewaye murhu ana dama kunun tsamiya, tsohuwa na tatsuniya. Murhun nan makaranta ce, domin a bakinsa yaro ke koyon gasara da tsaki da kanwa da maburgi, tun kafin ya san baƙi da wasali.

Yau a gidajenmu na 'yan boko watan Disamba ya zama watan guje-guje. Makarantu sun yi hutu, baƙi sun sauka, kowace Asabar da ɗaurin aure uku ko huɗu, ga kamu, ga walima, ga rufe lissafin ƙarshen shekara a ofis. Uwargida, wadda ita ma ma'aikaciya ce, ba ta dawowa sai magariba ta kawo jiki. Abin da ke hawa wuta a irin wannan dare kowa ya san shi: indomi da ƙwai. Kuma hidimar ƙaruwa za ta yi, domin azumi na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, har a 2030 zai kama sau biyu, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba, duk a tsakiyar ɗari.

A matsayina na ɗalibin harshe, kalmar indomi kanta abin lura ce. Sunan kaya ne na ƙasar Indonesiya, Indomie, inda "mie" ke nufin taliya, amma a bakin 'ya'yanmu ta zama sunan duk wata taliyar leda, ko wane kamfani ya yi ta. Aron kalma ba laifi ba ne. Haka muka aro shayi da burodi, suka zauna daram. Abin da ke damuna shi ne kalmomin da ke fita ta ɗaya ƙofar. Idan aka daina dama kunu, gasara ta tafi. Idan aka daina fate, tsaki ya bi ta. Kalmar kicin ba ta rayuwa a cikin ƙamus kawai, sai da hannun da ke aiki da ita.

Wani zai ce ai gaggawa ce ta jawo. Ban yarda ba. Bahaushe yana da abincin sauri tun kaka da kakanni. Ɗanwake fa? Garin wake da na rogo, kuka da ruwan kanwa, a kwaɓa, a jefa cikin tafasasshen ruwa. Da ya taso sama ya ɗan ƙara nuna, sai a tsame a zuba mai da yaji. In garin na ajiye, bai fi indomi cin lokaci da wani abin kirki ba, ga shi ya fi ta riƙe ciki. Haka kwaɗon zogale da ƙuli, haka kunun gyaɗa. Inda gizo ke saƙa shi ne shirin: surfe, wanki, shanya, kai niƙa, tankaɗe. Wannan ne kamfanin taliya ya ɗauke wa mace, mu kuwa muka bar mata shi, sannan muka zauna a majalisa muna cewa matan zamani sun lalace. Maigidan da bai cika tukunyar gas ba tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabo, ba shi da bakin neman tuwon dawa da ƙarfe tara na dare.

Alhamdu lillahi, mata da yawa a Kano da Kaduna da Zariya sun fara haɗa garin ɗanwake da garin kunu suna ƙullawa a leda suna sayarwa, har ta WhatsApp. Su ne ya kamata a dafa wa. Hukumar NAFDAC ta sassauta musu hanyar rajista da kuɗinta, sassan nazarin abinci na jami'o'inmu su taimaka musu da awo da dabarar adanawa, masu manyan kantuna kuma su ba su kanta a gaba, ba can lungu ba. Ina kuma roƙon su rubuta sunan kayan da yadda ake dafawa da Hausa a jikin ledar, da ƙa'idar rubutu, domin yarinyar da za ta dama kunun ta karanta kalmar gasara da idonta.